Karatun zangon farko a ƙaramar sakandare a Najeriya

Zangon farko shi ne kashi na ɗaya cikin ukun da ake raba shekarar karatu a Najeriya, yawanci ana komawa a watan Satumba a tashi kafin ƙarshen Disamba, wato wajen mako goma sha biyu zuwa sha uku. Ƙaramar sakandare kuwa ita ce aji uku da ke bin firamare, JSS1 zuwa JSS3, yara 'yan wajen shekara 12 zuwa 15. Ta samo asali ne daga tsarin 6-3-3-4 (shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babbar sakandare, 4 a jami'a) da aka fara aiki da shi a 1982, daga baya shirin UBE, wato shirin ilimin farko ga kowane yaro, da Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999 ya haɗe ta da firamare suka zama shekara 9 na ilimin bai ɗaya, dokar 2004 kuma ta ce kyauta ne kuma dole. Hukumar binciken ilimi ta ƙasa, NERDC, ce ke tsara manhaja, jihohi da makarantu su yanka ta mako-mako.

Abin da ɗan aji ɗaya ke fara cin karo da shi ma kafin darasi shi ne yawan malamai. Jiya malami guda ke riƙe da ajinsu tun safe har a tashi, yau kowane darasi na wajen minti arba'in wani ne zai shigo da nasa littafin da nasa hali, kuma darussa sun kai goma ko sun wuce, ga kwafar rubutu daga allo da sauri kafin monita ya goge. Makon farko dai yawanci rajista ne da shara da rabon aji, ba a cika taɓa alli sosai ba.

A Lissafi ana farawa ne da manyan lambobi, ƙirga da rubuta miliyan da biliyan da tiriliyan. Nan za ka ga yaro ya duƙufa yana lissafa sifiri da bakin biro, shida na miliyan tara na biliyan, ya manta waƙafi ɗaya amsa ta tashi aiki. Daga nan sai LCM, ƙaramar lambar da wasu lambobi duk suke shiga, da HCF, babbar lambar da ke raba su duka ba saura, misali a gano cewa 12 ce ƙaramar lambar da 4 da 6 duk suke shiga, sannan a faɗa ɓangarorin lamba irin su rabi da kwata da kaso cikin ɗari. Wannan wuri ne ya fi kowane muhimmanci a ganina, don duk wanda bai iya jadawalin sau ba tun firamare to a nan asirinsa ke tonuwa, kuma aljabara da ke jiransa a gaba ba za ta tausaya masa ba.

Turanci ma haka, ana bitar rukunan kalmomi, suna da aikatau da sifa, da karanta labari a amsa tambayoyi, da insha'i wanda kusan ko'ina na farkonsa a kan yaro ne ya ba da bayanin kansa. Akwai kuma koyon furuci, inda Bahaushe ke fama da raba p da f saboda harshensa bai bambanta su ba. Matsalar ita ce daga wannan aji kusan komai da Turanci ake rubuta shi, kimiyya da noma da kasuwanci duka, alhali yara da yawa daga firamaren gwamnati suna zuwa ne ba su iya karanta sakin layi ɗaya su gane ba, shi ya sa malamin kirki zai rubuta da Turanci ya juyo ya yi bayani da Hausa, in ba haka ba sai dai hadda kawai.

Darasin Hausa yana somawa da baƙaƙe da wasula da ƙa'idojin rubutu, musamman masu lanƙwasa ɓ, ɗ, ƙ, da inda ake raba kalma da inda ake haɗewa. A kimiyya akwai masu rai da marasa rai, tsaftar jiki da ta muhalli, da abinci mai gina jiki. Fasaha kuma kan fara da kiyaye haɗari a hanya da wurin aiki, sai sanin katako da ƙarfe. Addini, Musulunci ko Kirista, kowa da nasa ajin. Tarihi an taɓa cire shi daga manhaja aka cusa shi cikin darasin zamantakewa, daga baya gwamnati ta dawo da shi a matsayin darasi mai zaman kansa.

'Yan aji biyu su sukan ɗora ne daga inda aka tsaya, 'yan aji uku kuwa tun zangon farko hankalin malamansu na kan jarabawar BECE ta ƙarshen shekara wadda hukumar jarabawa ta ƙasa, NECO, ko hukumar jarabawar jiha ke shiryawa, ita ce ƙofar shiga babbar sakandare. A duk azuzuwan ana yin gwaji sau ɗaya ko biyu, a ba da ɗan hutun tsakiyar zango, sai jarabawa a Disamba a haɗa makinta da na gwajin a rubuta a katin sakamako. A Nijar tsarin daban ne, kolej, wato takwarar ƙaramar sakandare, shekara 4 ce, ana komawa a Oktoba, da Faransanci ake karatun, a ƙare da jarabawar BEPC.