Waiwaye: Damfara, Hujja da Kwana Goma na Ɗaukaka Ƙara a Kamaru

Kafin 2007, wanda aka gurfanar kan damfara a Garwa ko Marwa, da tsohon tsarin shari'ar Faransa mai asali tun 1808 ake sauraron ƙararsa, yayin da yankin masu Ingilishi ke bin wanda ya gada daga Najeriya. A Yulin 2005 aka yi doka guda ga ƙasar baki ɗaya, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2007. Ita ce ta fayyace cewa kawo hujja yana wuyan mai tuhuma, alƙali ba zai dogara da komai ba sai abin da aka baje a zaman kotu, in kuwa da kokwanto a sallami mutum.

Hukuncin damfara bai da sauƙi. Sashe na 318 na kundin laifuka, wanda aka sabunta a 2016, ya tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10, da tarar jaka 100 zuwa miliyan ɗaya na sefa. Ga shi cinikinmu yawanci na baki ne. Dillali ya karɓi shanu biyar a kara, aka tafa hannu, ba takarda, ya kai su kudu kasuwa ta faɗi. Bashi ke nan. Damfara sai an nuna yaudarar da aka ƙulla don raba mutum da dukiyarsa, kuma a wannan gaɓar ce lauya ke kafa ƙararsa a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Garwa, Marwa ko Ngaundere, inda ake sake duba shaidu da hujjoji.

Abin da ke ci mini rai shi ne wa'adin. Kwana 10 kacal doka ta bayar a ɗaukaka ƙara bayan yanke hukunci, sannan kwana 15 a miƙa takardar dalilai, in ba haka ba a yi watsi da ita. Mutum yana kurkuku, ba ya karanta Faransanci, dangi suna ta neman kuɗin lauya, kafin a farga lokaci ya wuce.

Kotun Ƙoli ta Yawunde kuwa kuskuren doka take dubawa. Ko Marafa Hamidou Yaya, ɗan Garwa kuma tsohon minista, da aka yanke wa shekara 25 a 2012 kan kuɗin sayen jirgin shugaban ƙasa, ya musanta laifin har can, amma a 2016 ragi kawai ya samu zuwa shekara 20.