Safar hannu ba ta ɗauke wa kowa wanke hannu

Duk lokacin da sababbin nas-nas da ungozomomi suka iso mana daga makaranta, hannayensu nake fara kallo. Lokuta biyar na tsabtace hannu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, ko daga barci aka tashe su za su jero su tsaf. Amma kafin su cika wata guda a ɗakin haihuwa, sai ka ga yarinya da safar hannu ɗaya ta duba mai naƙuda, ta gyara ƙarin ruwan gadon gaba, ta ɗauki biro, har ta amsa waya. A wurinmu ta ga ana haka, mu da muka daɗe a aikin.

Shi ya sa nake roƙon manyan sistoci da matiron-matiron su riƙa koyarwa a bakin famfo. Ki tsaya da sabuwar ma'aikaciya ta wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 40 zuwa 60, ko ta murza sinadarin goge hannu na daƙiƙa 20 zuwa 30 idan babu jini ko datti a bayyane. Ta cire zobe da warwaro, ta yanke farce. Safa kuwa mara lafiya ɗaya, aiki ɗaya, a cire a jefar, a sake wanke hannu, domin tana iya hujewa ba ki sani ba, kuma wajen cire ta ma hannu kan gurɓata. Ranar da famfo ya ƙafe (kuma yana ƙafewa), bokiti mai famfo da sabulu ya wadatar. Kwano ɗaya da kowa ke tsoma hannu a ciki ne ba na yarda da shi.

Ina yawan ba su tarihin zazzaɓin Lassa, don su san cewa su ma abin ya shafa. A 1969 aka fara gano shi a garin Lassa na jihar Borno, kuma wadda aka fara gane shi a jikinta nas ce. Nas ɗin da ta yi jinyarta a Jos ta kamu, ta rasu. A 1970 likita Jeanette Troup ta yanke a yatsa tana binciken gawa a Jos, ita ma ta kamu, ta rasu. To, mai ciki da ta zo da rani da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, ga zubar jini, kada sabuwar ungozoma ta karɓi haihuwarta babu rigar leda, takunkumi da kariyar ido, kuma ta kira na gaba da ita tun da wuri.

Sai allura. Ba a mayar mata da murfi bayan an yi amfani da ita. Kai tsaye cikin kwalin allurai, wanda ake rufewa idan ya kai kashi uku cikin huɗu. Kowace sabuwar ma'aikaciya ta karɓi rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura uku. Idan allura ta soke ki, ƙanwata, ki wanke wurin da ruwa da sabulu, kada ki matse, ki faɗa nan take. Maganin kariya daga ƙanjamau ana fara shi ne cikin awa 72, gara ma a awannin farko, a sha kwana 28. Na san tsoron faɗa ne ke sa wasu su yi shiru har gari ya waye, don haka mu manya mu fara ba ta magani, tambayar yadda aka yi ta biyo baya.