Gasar ces ta ƙasa: yadda ake buga ta, da abin da ake koya daga wasan da aka sha kaye

Tun daga Afrilun 2024, lokacin da ɗan Najeriya Tunde Onakoya ya shafe awa 60 yana buga wasan ces a dandalin Times Square na birnin New York, matasa da yawa suka fara tambaya a kan wannan wasa da Larabawa ke kira shaɗaranji. Ga tambayoyin da masu shirin shiga babbar gasa karo na farko suka fi yi mini. Kayan wasan zan kira su yadda muke kiran su a bakin allo: sarki, sarauniya, ruk, bishof, doki da sojoji.

Tambaya: Idan mutum ɗari biyu suka shiga gasa, yaya za a yi kowa ya kara da kowa?

Amsa: Ba kowa ke karawa da kowa ba. Ana bin tsarin da ake kira na Suwizalan, domin a birnin Zurik na ƙasar aka fara amfani da shi a 1895. Yawanci zagaye bakwai ne ko tara, kuma ba a fitar da kowa. Wanda ya ci yana da maki ɗaya, kunnen doki rabin maki, wanda aka ci ba shi da komai. Bayan kowane zagaye sai a haɗa masu maki iri ɗaya, kuma ba za ka sake zama da wanda kuka riga kuka kara ba. A zagayen farko ana raba 'yan wasa gida biyu bisa ƙarfinsu, na sama su kara da na ƙasa, shi ya sa sabon shiga kan fara da wanda ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Kada hakan ya karya maka gwiwa. Kafin zagaye na huɗu za ka tarar kana zaune da tsaranka.

Ƙarfin nan ana auna shi ne da lissafin Elo, wanda hukumar ces ta duniya, FIDE, ta karɓa a 1970. A Najeriya hukumar ces ta ƙasa ce ke shirya gasar zakaran ƙasa, ana kuma buga wasan a gasar wasannin jami'o'i.

Tambaya: Me ya bambanta shi da wasan da nake yi a waya?

Amsa: Agogo, biro da hannu. A manyan gasa akan ba kowane ɗan wasa minti 90, a ƙara masa daƙiƙa 30 duk lokacin da ya yi motsi, don haka wasa ɗaya na iya cin awa huɗu. Dole ka rubuta kowane motsi, naka da na abokin karawarka. In ka taɓa abu da niyya, tilas ka motsa shi. In ka saki, ya zauna. Wayarka kuma in ta yi ƙara a zauren, alƙali na iya ba abokin karawarka wasan nan take.

Tambaya: Me ake nufi da dabarar farmaki, kuma me ya sa ake yawan maganarta?

Amsa: Shiri na dogon zango daban, dabarar farmaki daban. Ita 'yan motsi ne biyu zuwa biyar da ke tilasta wa abokin karawa, ba ya da zaɓi, a ƙarshe ka ci wani abu nasa ko ka kashe sarkinsa. Ƙimar kayan sananniya ce: soja 1, doki da bishof 3, ruk 5, sarauniya 9. Tsakanin masu matsakaicin ƙarfi, wanda ya yi asarar doki a banza galibi ya yi asarar wasan ke nan.

Siffofin da ta fi zuwa da su ba su da yawa. Akwai hari mai baki biyu: doki ya faɗa gidan c7 (kowane gida a allo harafi da lamba ne sunansa), ya yi wa sarkin da ke e8 cek, wato ya kai masa hari, a lokaci guda yana kallon ruk da ke a8. Sarki ya kauce, ruk ya tafi. Akwai turke: bishof a g5 ya sa ido kan dokin f6 da ke tsaye gaban sarauniya, dokin ya zama kamar akuya a turke, in ya gusa sarauniya ta faɗi. Akwai kisan layin baya, inda sarki ke g1, sojojinsa uku sun tare masa gaba, ruk ɗaya ya sauko ya gama da shi. Sai janye mai gadi, wato ka tilasta wa abin da ke tsaron wani gida ya bar wurin. Wanda ya saba da darar gargajiya ya san wannan: kana ba da ɗa ɗaya da gangan don hanya ta buɗe.

Tambaya: Ko akwai wasa daga wata gasar ƙasa da ke nuna wannan a fili?

Amsa: Akwai, kuma ban taɓa gajiya da shi ba. Gasar zakaran Amurka ta 1963 zuwa 1964, a New York, 'yan wasa goma sha biyu. Bobby Fischer yana ɗan shekara 20 ya cinye wasanninsa goma sha ɗaya duka, ko kunnen doki ɗaya bai yi ba. A cikinsu akwai wanda ya riƙe baƙaƙen kaya ya kara da Robert Byrne.

A motsi na 15 Fischer ya ba da dokinsa a gidan f2, ya ci soja ɗaya kawai. Dokinsa na biyu ya bi baya, ya yi cek, sannan ya ci sojan e3, inda ya tsaya yana kallon sarauniya, da ruk na d1, da bishof na g2. Byrne ya kawar da sarauniya. Kowa ya zaci dokin zai ci ruk, tun da ruk 5 ne, bishof 3. Sai Fischer ya ci bishof. Dalili kuwa, wannan bishof shi ne mai gadin fararen gidajen da ke kewaye da sarkin Byrne; da ya tafi, doguwar hanyar da ta taso daga b7 ta zama ta Fischer shi kaɗai. A motsi na 21 Fischer ya ɗan matsar da sarauniyarsa zuwa d7, ba cek, ba cin komai, sai Byrne ya miƙa wuya, alhali a lissafin kaya shi ke gaba da doki guda a madadin soja ɗaya. Ana ba da labarin cewa manyan 'yan wasan da ke yi wa 'yan kallo sharhi a lokacin suna ganin Byrne ne ke da rinjaye.

Abin da Byrne ya hango shi ne: in ya kawo sarauniya f2 don tsare g2, Fischer zai yi cek a h3, sannan ya jefa ruk ɗinsa a e1. Ruk na d1 ya ci shi, ya bar gadin d4, bishof ɗin Fischer ya ci dokin da ke wurin ya turke sarauniya a gaban sarkinta. In ta ci bishof, ta saki g2, sarki ya mutu. Janye mai gadi da turke ne, waɗanda muka ambata yanzu, aka ɗinke su wuri ɗaya.

Tambaya: To ni da ba Fischer ba, yaya zan koya daga nawa wasannin?

Amsa: A nan nake da ra'ayi mai ƙarfi. Takardar da ka rubuta motsinka a kai ta fi kofin da ake rabawa amfani a gare ka. Da an tashi wasa, in abokin karawarka ya yarda, ku koma gefe ku sake bin sa tare. Al'ada ce tsohuwa, kuma manyan 'yan wasa da yawa ba sa ƙyashin nuna wa ƙarami inda ya kauce. Da dare ka jera allo kai kaɗai, ka nemo wuri biyu ko uku da wasan ya juya, ka rubuta abin da kake tunani a lokacin da abin da kake tsoro. Sai bayan nan ka buɗe manhaja irin Stockfish, wadda ake samu kyauta a shafin Lichess. Wanda ya fara da manhaja zai ga motsin da ya dace, amma ba zai taɓa sanin abin da ya rufe masa ido ba.

A wata gasa na taɓa zama da ruk guda a gaba, saura minti arba'in a agogona, na miƙa hannu na ci soja ba tare da na duba layin bayana ba. Motsi biyu aka kashe ni. Da na tara wasannin da na sha kaye a wannan shekarar, sai na ga sau uku abu ɗaya ke faruwa, kuma duk lokacin da nake gaba ne. Ba rashin sanin siffar ba ne. Da na ga na yi rinjaye sai in daina tambayar abin da shi yake nufi da motsinsa. Tun daga nan, kafin in taɓa komai, nakan duba kowane cek da zai iya yi mini, da abin da zai iya ci, da abin da na bari ba mai gadi.

Tambaya: Warware matsalolin ces a waya bai wadatar ba?

Amsa: Yana da amfani ƙwarai, minti ashirin kullum ya fi awa biyar ranar Asabar. Sai dai a can an riga an gaya maka akwai abin ci. A zauren gasa ba mai taɓa kafaɗarka ya ce ga wurin nan. Don haka ka riƙa koyon alamun da ke nuna lokaci ya yi: abu tsaye ba mai gadi, sarki da sarauniya a layi ɗaya, mai gadi ɗaya da aka ɗora wa aiki biyu, sarkin da bishof ɗinsa ya tafi. In ka ga ɗaya daga ciki, nan ne wurin kashe minti goma sha biyar ɗinka.

Tambaya: In aka ci ni da safe, kuma akwai wani zagaye da yamma?

Amsa: Kada ka buɗe wancan wasan tukuna. Ninke takardar ka sa a jaka, ka yi salla, ka ci abinci mara nauyi, ka sha ruwa, in da hali ka ɗan kishingiɗa. Binciken na dare ne. Ka duba jerin haɗin da aka liƙa, ka tabbatar da lambar teburinka da launin da za ka riƙe, ka isa wurin kafin alƙali ya ce a tayar da agogo.