Rangwame daban, rahusa daban

Da zarar wani kamfanin manyan kantuna ya fara buɗe rassa a yankin da bai taɓa shiga ba, kalma ɗaya ce ke cika kunne: rangwame. Mai talla ya faɗe ta, mai gabatar da shirin kasuwanci a rediyo ya maimaita, ɗan siyasar da aka gayyato bikin buɗewa ya ce ai yanzu talaka zai samu rangwame. A watan Maris na 2024, da kamfanin kantuna na Aldi, wanda asalinsa daga Jamus ne, ya sanar da cewa zai kashe dala biliyan 9 ya ƙara kantuna 800 a Amurka kafin ƙarshen 2028, sunan da ya fi zuwa bakin mai fassara shi ne "kantunan rangwame". Wannan suna yana damuna, domin yana koya wa mai sayayya ya auna kanti da ma'aunin da ba nasa ba.

Rangwame sai da abin da ya gabace shi. In aka ce majinyaci ya samu rangwame, ana nufin yau ya fi jiya dama, amma babu wanda ya ce ya warke, balle a ce ya fi maƙwabcinsa lafiya. Haka yake a ciniki: rangwame tazara ce tsakanin farashin kaya na yanzu da farashinsa na baya a wuri ɗaya. Ita kuwa rahusa, wadda muka aro daga Larabci, ko araha, ba ruwanta da jiya. Tambayarta ita ce, nawa ake sayar da irin wannan kayan yau a wani wurin? Saboda haka kanti zai iya yi maka rangwame mai tsoka, kuma ka fito ka sayi kaya da tsada. Wani kantin bai rage maka ko sisi ba, amma shi ne mai araha.

Abin da ya fi muhimmanci, wanda kuma ba a cika faɗa ba, shi ne wanda ke riƙe da ma'aunin. Farashin baya da ake cire rangwame daga cikinsa, mai kantin ne ya rubuta shi da hannunsa. Farashin kantin da ke tsallaken titi kuwa ba ya hannunsa.

Tarihin Aldi ɗin kansa ya isa ya warware wannan ruɗani. Sunan ya fito ne daga Albrecht Diskont, kuma kalmar ta biyu, wadda ke nufin ragi, ita ce ke jan masu fassara zuwa ga rangwame. Wasu 'yan'uwa biyu, Karl da Theo Albrecht, suka karɓi ƙaramin kantin mahaifiyarsu a birnin Essen na ƙasar Jamus bayan yaƙin duniya na biyu. A lokacin akwai wata doka ta 1933 da ta hana ɗan kasuwa rage wa mai saye fiye da kashi 3 cikin ɗari, dokar da ba a soke ta ba sai a 2001. Manyan kantunan wancan zamani, musamman na ƙungiyoyin gama kai, sukan ba mai saye 'yan takardu kamar kan sarki, ya yi ta tarawa yana liƙawa a littafi, daga baya ya kai a mayar masa da ɗan abin da aka rage. Su waɗannan 'yan'uwa sai suka ce babu takarda, babu jira: suka cire ragin daga farashin tun kafin a ɗora kaya a kan kanta. Wato kamfanin da ake kira na rangwame ya kafu ne a kan yin watsi da rangwamen da ake nunawa, ya koma ga farashin da yake ƙasa tun asali. Zuwa 1960 suna da kantuna kusan 300, suka raba kamfanin gida biyu, na arewa da na kudu, sannan sunan Aldi ya bayyana a 1962.

To ina arahar take fitowa, in ba ragi ake yi ba? Daga rage abin da ake kashewa. Babban kanti na yau da kullum a Amurka yakan ajiye nau'in kaya wajen 30,000, shi kuwa Aldi bai kai 2,000 ba. Mai nau'i ɗaya ko biyu na kowane abu yana sayen su da yawan gaske, don haka yana da bakin magana a gaban masana'anta. Kusan kashi 90 cikin ɗari na kayansa masu ɗauke da tambarinsa ne, ba na sanannun kamfanonin da ke zuba kuɗi a talla ba. Ana jera kaya a cikin kwalin da suka zo, ba a biyan wani ya yi ta fitarwa ɗaya bayan ɗaya. Ana buga lambar kaya a gefe da yawa na kwalin domin mai karɓar kuɗi kada ya tsaya juyawa yana nema. Keken ɗaukar kaya ma sai ka saka kwabo kafin ya saku, a Amurka santi 25, ka mayar da shi ka karɓi kuɗinka, kamfanin ya huta da ɗaukar ma'aikacin da zai bi filin ajiye motoci yana tattarawa. Kantin ƙarami ne, hayarsa da wutarsa kaɗan. Duk wannan babu abin da za a iya kira rangwame a cikinsa. Tsari ne na kashe kaɗan a sayar da sauƙi, kuma mai saye yana biyan wani abu a madadinsa: zaɓi ya ragu, tambarin da ya saba da shi wataƙila babu, kuma shi zai zuba kayansa a jaka da kansa.

'Yan kasuwar kantuna sun daɗe da sanin hanyoyin nan biyu. Akwai masu riƙe farashi a ƙasa kullum, wanda kamfanin kantunan Walmart na Amurka ya yi suna da shi. Akwai kuma masu hawa da sauka, su bar farashi a sama, kowane mako su zaɓi wasu kaya su yi musu garaɓasa da manyan alluna masu launi. Hanya ta biyu ba haramun ba ce, kuma mai haƙurin bin garaɓasa yakan ci riba. Sai dai a cikinta ne ƙofar wasa da hankali take a buɗe.

Dubi abin da ya faru a Ostireliya. A watan Satumba na 2024 hukumar kula da gasa da kare masu saye ta ƙasar, ACCC, ta kai manyan kamfanonin kantuna biyu, Woolworths da Coles, gaban kotu. Zargin shi ne sun riƙa ɗaga farashin kaya da aƙalla kashi 15 cikin ɗari na ɗan lokaci, sannan su sauke kaɗan su manna alamar ragi. Hukumar ta lissafa kaya 266 a Woolworths da 245 a Coles. Misalin da ta bayar na wani kwalin biskit ne da aka daɗe ana sayarwa dala 3.50 ta ƙasar, aka kai shi dala 5 na kwana 22, sannan aka mayar da shi dala 4.50 da alamar cewa farashi ya sauka. A lissafin jiya da yau, an rage. A aljihun mai saye, an ƙara masa kusan kashi 29 cikin ɗari. Na kawo wannan a matsayin zargin da hukuma ta gabatar, amma lissafin kansa ya nuna yadda kalmar rangwame za ta iya zama gaskiya a baki alhali mai saye asara ya yi.

Kada kuma a ɗauka ina wanke Aldi. Tun daga watan Mayun 2022 dokar Tarayyar Turai ta ce duk wanda zai sanar da ragi, dole ya nuna farashi mafi ƙanƙanta da ya sayar da kayan a cikin kwana 30 da suka wuce. A watan Satumba na 2024 kotun Tarayyar ta yanke hukunci a shari'ar da wata ƙungiyar kare masu saye ta jihar Baden-Württemberg a Jamus ta shigar a kan Aldi na kudu, saboda tallar ayaba da abarba. Kamfanin ya rubuta cewa ya rage kashi 23 cikin ɗari a kan ayaba, alhali a cikin kwanakin 30 ɗin ya riga ya sayar da ita a wannan farashin da yake kira sabo. Kotun ta ce daga mafi ƙanƙantar farashin nan za a lissafa ragi. Abin takaici ne a ga kamfanin da ya taso da ƙin wannan dabara ya dawo yana taɓa ta.

Yanzu a koma kan abin da ke faruwa idan sabon kanti mai araha ya shigo yanki. Tsofaffin kantuna ba sa iya sauke farashin kaya 30,000 gaba ɗaya, don kuɗin da suke kashewa bai ragu ba. Abin da suke yi shi ne su zaɓi kayan da mutane suka haddace farashinsu, irin su madara da ƙwai da burodi, su sauke su, wani lokaci har ƙasa da yadda suka saro, su mayar da gurbin a kan sauran kayan da ba wanda ke tuna nawa suke. A Birtaniya, inda Aldi ya shiga a 1990, takwaransa na Jamus, Lidl, kuma a 1994, an ga wannan ƙarara. A 2020 babban kamfanin kantunan ƙasar, Tesco, ya fara manna alamar cewa ya daidaita farashin wasu kayansa da na Aldi, takwaransa Sainsbury's ya bi sahu a 2021. Duk da haka a watan Satumba na 2022 Aldi ya ture kamfanin kantunan Morrisons ya zama na huɗu a girma a ƙasar. Ni a ganina wannan alamar daidaita farashi ta fi alamar ragi gaskiya, domin aƙalla tana nuna maka kantin wani, ba jiyan mai kantin ba. Amma ka lura, ɗaruruwan kaya ne ake daidaitawa a cikin dubbai.

Sai kuma katin kwastoma, wanda ya zama sabuwar rigar rangwame: farashi biyu a kan kaya ɗaya, na mai kati da na marar kati. Hukumar gasa ta Birtaniya, CMA, ta binciki kaya kusan 50,000 masu irin wannan farashi, ta fitar da sakamako a watan Nuwamba na 2024 cewa kashi 92 cikin ɗari ragin gaske ne idan aka gwada da farashin da kantin ya saba sayarwa. Amma a cikin wannan rahoton dai ta ja hankalin mutane cewa farashin kati ba lallai ne ya zama mafi araha ba, gara a duba wasu kantunan. Hukuma ɗaya, rahoto ɗaya, ta tabbatar da rangwamen kuma ta ƙi ba da shaidar rahusa.

Shi ya sa nake jin ciwo idan na ji mutane suna gardama a kan wane kanti ya fi, ɗaya yana cewa nasu kullum cikin garaɓasa yake, ɗayan yana cewa sabon ba ya rage komai. Dukansu alluna suke ƙirgawa. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin a nan yana da hanyarsa: a ɗauki kayan da gida yake saye a mako, iri ɗaya, nauyi ɗaya, a duba jimillar rasit ɗin nan da na can. A duba farashin kilo ko lita da ake rubutawa da ƙananan haruffa a ƙasan babban farashin, saboda kwali yakan ƙanƙance farashi yana nan yadda yake. Haka ƙungiyar masu saye ta Which? take yi a Birtaniya duk wata, kwando da kwando. Bayan an san mai araha, sannan a zo batun inganci da nisa da tsawon layi da yawan zaɓi, waɗanda kowane gida yake da nasa ra'ayin a kansu, kuma suna iya sa mutum ya zaɓi mai tsadar yana sane.

Masu karanta labarai da masu fassara kuwa, abin da nake roƙo ƙarami ne. Kanti irin Aldi ko Lidl a kira shi kantin rahusa ko kantin araha. A ajiye rangwame sai ranar da aka sauke farashi daga wani farashin, kuma a ranar a gaya wa mai sauraro daga nawa aka sauke, da tsawon lokacin da kayan suka yi a wancan farashin.