Auna shirye-shiryen kula da asmar yara a Jihar Kebbi

Asma ciwo ne da ke matse hanyoyin iska na huhu, yaro ya riƙa tari da dare, ƙirjinsa na ƙara kamar fito in yana numfashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 262 ke fama da ita a 2019, ta kuma kashe kimanin 455,000. A Kebbi, hazon hunturu da hayaƙin icen girki da ƙurar sussukar shinkafa na cikin abubuwan da ke tayar da ita.

Tarihi

An kafa ƙungiyar GINA mai tsara ƙa'idojin maganin asma a 1993, aka fara Ranar Asma ta Duniya a 1998. Wajen tsakiyar shekarun 1990 kuma aka ɓullo da tsarin duba cututtukan ƙananan yara a dunƙule. Daga baya tsarin ya umurci ma'aikacin lafiya, in ƙirjin yaro na fito, ya fara shaƙa masa salbutamol, maganin buɗe hanyoyin iska, har sau uku kafin ya ce limoniya ce. Wannan mataki na da nauyi, domin yara masu asma da yawa sun sha maganin da ba nasu ba.

Abin da ya fi amfanar talaka ya fito daga Afirka ta Kudu. A 1999 likita Heather Zar da abokan aikinta suka nuna cewa gorar roba mai cin rabin lita na kai magani huhu kamar na'urar kanti da ake haɗawa da abin shaƙar maganin asma. Ana huda gindin gorar, a cusa bakin abin shaƙa, a fesa sau ɗaya, yaro ya ja numfashi a hankali ta bakin gorar.

Ma'auni

Ƙidayar maganin da aka raba ba ta nuna an ci nasara. Masu bincike kan tambayi uwa dare nawa yaro ya farka da tari, kwana nawa ya rasa makaranta, sau nawa aka garzaya da shi asibiti a Birnin Kebbi, Argungu ko Yawuri. Sai a miƙa mata abin shaƙar ta gwada a gabansu. Nan ake gane ko koyarwar da aka yi mata kan amfani da shi ta zauna. Dole a kwatanta hunturu da hunturu, don in aka auna shi da damina sakamakon zai karkace.

Masu kemis ma na shiga lissafi, tunda wurinsu iyaye da yawa ke fara zuwa.

Saɓani

Wasu iyaye na tsoron abin shaƙa zai zama wa yaro jaraba. Likitoci sun musanta hakan.