Cike digirin kula da numfashi ta intanet a Amurka: wa ya dace ya shiga?

Annobar korona ta 2020 ce ta fito da sunan wata sana'a da a da ba kowa ya san da ita ba, wato masu kula da numfashi a asibitocin Amurka. Su ne ke tsaye kan na'urar bentileta, mai taya majinyaci numfashi, a sashen kulawa ta musamman, su ɗebi jini a jijiyar hannu don auna iskar oksijin, su ba mai asma maganin tururi, su taya jariri bakwaini numfashi. Ni ma aikina ke nan. Tambayar da 'yan'uwa suka fi yi mini, na nan da na gida, a kan tallan da suke gani a waya ne: wai ana cike digirin wannan fanni ta intanet ba sai an shiga aji ba. E, ana yi. Sai dai karatu ne na wanda ya riga ya shiga sana'ar, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa.

Ga yadda tsarin yake. Yawancinmu da ƙaramin digiri na shekara biyu muka fara, wanda suke kira asoshiyet, a makarantar da hukumar CoARC, mai tantance karatun wannan fanni, ta amince da ita. Daga nan sai jarrabawar hukumar NBRC, mai ba da shaida iri biyu: CRT ita ce ta ƙasa, RRT ta sama. Sai kuma lasisin jiha, wanda kusan duk jihohi ke nema kafin ka taɓa majinyaci. Shirin cike digiri yana ɗorawa ne a kan wannan. Cikakken digiri a Amurka kiredit 120 ne galibi (kiredit shi ne ma'aunin darussan da aka ci), mai asoshiyet kuwa ya riga ya tara kusan rabi, sai ya ƙarasa sauran. Ya yi kama da mai difloma a Najeriya da ke shiga jami'a kai tsaye ba daga aji ɗaya ba. Abin da ya sa ake iya yin sa ta intanet shi ne ba aikin hannu ake koyarwa ba, tunda wannan ka gama da shi a gefen gadon majinyaci. Ana koyar da shugabanci, da karanta sakamakon bincike, da dabarun koyarwa, da kula da masu ciwon huhu mai daɗewa, da zurfin ilimin jinyar masu tsananin ciwo.

To me ya sa mai lasisi, mai albashi, zai koma karatu? Saboda sana'ar ta fara juyawa. A Janairun 2018, CoARC ta dakatar da karɓar sabbin shirye-shirye na shekara biyu, a lokacin duk makarantar da za ta buɗe sabo sai ta ba da digiri ko abin da ya fi shi. Tsofaffin suna nan suna aiki, kuma babu wanda aka ƙwace wa lasisi. A 2019 kuma ƙungiyar AARC, uwar ƙungiyar masu sana'ar, ta bayyana burinta cewa daga 2030 duk sabon shiga ya kasance da digiri da kuma RRT. Buri ne, ba doka ba, amma masu ɗaukar aiki suna karantawa.

Zan faɗa maka gaskiya, ɗan'uwa: idan kana tsammanin washegarin karɓar digiri albashinka zai tashi sama, za ka ji haushi. A asibitoci da yawa mai digiri da mai asoshiyet aiki ɗaya suke yi a gefen gado, bambancin kuɗinsu kaɗan ne ko ma babu. Amfanin yana fitowa ne ranar da aka buɗe gurbin shugaban sashe, ko mai horar da ma'aikata, ko malami. Dokar CoARC ma ba ta yarda mutum ya shugabanci shirin koyarwa ba sai yana da akalla digiri. Haka wanda ke hangen digiri na biyu, ko karatun mataimakin likita, dole ya bi ta nan. Sannan akwai maganar jiki. Dutin awa 12, yawanci a tsaye, ana tura na'urori ana juya majinyata, ba abin da gwiwa da baya za su ɗauka har tsufa ba ne.

Jami'o'i sanannu suna da wannan shiri, kamar Boise State a Idaho, da Midwestern State a Texas, da Jami'ar Cincinnati a Ohio, da Oregon Institute of Technology. Ba talla nake yi musu ba, misali ne na inda za ka fara dubawa. Yawancinsu RRT suke nema kafin su ɗauke ka, don haka mai CRT kaɗai ya fara gama wancan.

Kafin ka biya ko kwabo, ka tura musu takardun sakamakonka su ƙirga maka a rubuce: kiredit nawa suka karɓa, nawa ya rage. Wannan ƙidayar ce ke yanke tsadar karatun da tsawonsa, ba farashin da aka liƙa a talla ba. Makarantar da kiredit ɗinta ya fi araha na iya fin tsada idan ta ce sai ka sake darussan lissafi da Turanci da tarihi. Wasu suna ba da kiredit saboda RRT ɗinka, wasu ba sa bayarwa. Wanda ya yi wani karatu a Kano ko Yamai ko Kumasi kafin ya zo, ya kai takardunsa wurin masu tantancewa irin su WES, wataƙila su rage masa darussan gama-gari. Ka kuma duba sunan makarantar a kundin Ma'aikatar Ilimi ta Amurka, ka duba na CoARC, domin ita ma tana tantance shirye-shiryen cike digiri. Ka tambayi ofishin ma'aikata na asibitinku ko suna taimakawa da kuɗin makaranta: dokar haraji ta yarda wanda kake wa aiki ya biya maka har dala 5,250 a shekara ba a cire haraji a kai ba. Sai dai ka karanta sharaɗin, don wasu za su ɗaure ka da shekarun aiki.

Kada kuma a raina karatun don yana cikin kwamfuta. Rubutu ne mai yawa, kowane mako da wa'adinsa. Mai dutin dare da iyali ya fara da darasi ɗaya ko biyu, ya ga yadda barcinsa zai kasance.

Na gida kuwa, ku saurara da kyau. Nas ko mai ba da maganin barci a tiyata da ke aiki a Najeriya ko Nijar ba zai zama mai RRT ta wannan hanya ba, domin NBRC tana zaunar da waɗanda suka gama makarantar da CoARC ta amince da ita ne, kuma karatun farko yana da aikin asibiti da sai an yi shi da hannu. Bizar ɗalibi ta F-1 ma ba a samun ta da karatun da duk ta intanet ake yi, darasi ɗaya kacal na intanet ake ƙirgawa cikin nauyin karatun zango. Duk dillalin da ya ce ka kawo kuɗi ya haɗa maka wannan digiri daga gida tare da aiki a Amurka, ka tambaye shi a wane asibiti za ka yi aikin hannu, kuma wace hukuma ce za ta zaunar da kai jarrabawa.