Ɗacin kofi ba ya rage sukarin jini

A Damagaram an daɗe ana cewa baƙin kofi ko shayi marar sukari yana sauke sukarin jini, tunda yana da ɗaci. Ba haka ba ne. Kafeyin, sinadarin hana barci da ke cikin kofi, shayi da goro yana tayar da sinadarin adirenalin da jiki ke fitarwa lokacin firgici, shi kuma ya sa hanta ta sako sukarin da ta adana, insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, ya rage ƙarfin aiki. Ga mai ciwon sukari, miligiram 200 na kafeyin, wato kamar kofuna biyu na kofi, kan iya ɗaga sukarin.

Ku gwada da na'urar awon sukarin jini: awa 2 bayan karin kumallo iri ɗaya, yau da kofi, gobe babu. Kada a bar maganin asibiti. Don Allah ku tura wa dattawanmu masu cin goro.